Jinin da Ishaya Ya Gada

Ina rubuta wannan ne domin iyaye mata na majami'unmu, musamman irinmu na ƙananan garuruwa da ba mu cika benci goma ranar Lahadi. Wanda ba namu ba ma ya karanta, ciwo ba ya tambayar addini. Sunana Rahila, a Dungas aka haife ni, a nan na yi aure, ɗinki nake yi a cikin gida. Abin da ya sami ɗana Ishaya a daminar da ta wuce nake so a ji, tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar wata.

Mu Kirista a garinmu 'yan kaɗan ne. Gidaje uku suka karɓi bangaskiya tun zamanin kakanni, dukkanmu daga cikinsu muka fito. Lafiya lau muke zaune da maƙwabtanmu Musulmi, mu kai musu abincin Kirsimeti, su kawo mana naman layya, amma aure kowa a cikin nasa yake yi. To in yarinyarmu ta isa aure ina za ta dosa? Sai ɗan gwaggo ko ɗan kawu, tuwona maina. Ni ɗan gwaggona na aura, Bulus, mai gyaran babur a bakin tasha, kuma ni na ce ina son abina. Gwaggo Talatu ƙanwar babana ita ce surukata. Har alfahari muke yi, muna cewa jininmu bai fita waje ba.

Tun Ishaya yana rarrafe hannayensa kan kumbura, ya yini yana kuka. Gwaggo ta ce sanyi ne, kuma na gidanmu ne, ba yau aka fara ba. A gasa da ruwan ɗumi, a shafa man shanu, bayan kwana biyu ya warware. Haka muka lallaɓa har ya shekara biyar, ɗan siriri, bakinsa ya fi jikinsa girma.

Makon farko na ciwon nan zazzaɓi ne kawai, irin na kowace damina. Gero ya fara fid da kai, sauro ya cika gari, kusan kowane gida akwai na kwance. Na sayo ƙwayoyi wurin mai tebur, jikin ya yi sanyi da safe, da yamma ya koma kamar garwashi. Da muka je likita aka soki yatsarsa, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, ya rubuta mana magani. Nan na fara jin haushi, don da 'yan watanni kaɗai yaron ya wuce shekarun da ake duba yara kyauta.

Zazzaɓin ya sauka, sai ƙafafu suka ɗauka. Ban taɓa jin yaro ya yi irin wannan ihun ba. Ko zane na rufa masa sai ya ce in cire, ana sara masa ƙashi. Masu ba da shawara kuwa suka yi ta shigowa, kowa da tasa. Gwaggo ta ce a ƙara gashi. Wata daga zumuntar mata ta kawo jiƙon sassaƙe mai ɗaci, ya sha ya amayar. Abokan Bulus na tasha suka ce akwai wani mai allura a tsallaken iyaka, sau ɗaya yake yi yaro ya miƙe. Inna Zuwaira ce, maƙwabciyarmu da ke kawo mana nono daga rugarsu, ta zauna ba ta ce a ba shi komai ba. Ta buɗe tafin hannunsa, fari fat, ta ja fatar idonsa, ya yi ruwan ɗorawa. Ta ce, "Rahila, yaron nan ba jini a jikinsa. Ku tashi yanzu." Har gobe ina yi wa matar nan addu'a.

Majo yana ganinsa ya ce mu wuce Magariya. Ruwa ya cinye hanya, motar ta kafe a taɓo, maza suka sauka suna turi. Ishaya ya daina ihu, kansa yana lilo a kafaɗata, kuma shirun nan ya fi ihun tayar mini da hankali. Duk tsawon hanyar yatsata tana ƙarƙashin hancinsa ina jin ko numfashi yana fita.

A Magariya yayana Dauda ya tarbe mu. Mushe ne, wato malami, a lise, makarantar sakandare, ilimin halittu yake koyarwa. Tsakaninsa da majami'armu akwai 'yar tsama. An taɓa yin wa'azi a kan masu koya wa 'ya'yan mutane cewa kakansu biri ne, duk jama'a suka waiwayo suna kallon mahaifiyarmu. Tun daga ranar Dauda ba ya zuwa sai Kirsimeti ko jana'iza. Shi dai cewa yake bai bar Allah ba, kuma bai taɓa cewa kakan kowa biri ne ba, ba a dai saurare shi ba ne.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, yarinya ƙarama mai tabarau, da farko har na raina ta. Ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma irin jininsa ba a cika samu ba, leda ɗaya ce tak a firijinsu da ta dace da shi. Aka ɗaura masa ita. Washegari ya buɗe ido ya nemi kunu, na ce shi ke nan, Allah ya amsa. Ashe ba a fara ba.

A mako na biyu ne sakamakon awo ya fito. Likita ta kira ni da Bulus, ta ce yaronmu SS ne, ciwon da ake kira emasi, amosanin jini. Ta lanƙwasa yatsarta ta ce haka ƙwayoyin jininsa suke komawa kamar lauje, su toshe hanya, su mutu da wuri. Ta sa aka auna mu, dukkanmu biyu AS. Ta ce, "Rabi daga wurinki, rabi daga wurinsa. Ku lafiyarku lau, shi ne ya haɗa biyun." Bulus ya tashi ya fita. Ni kuwa na zauna ina kallon hannuna kamar ba nawa ba.

Sauran makon layi ne. Layin labo, ɗakin awon jini, da sassafe, layin farmasi da hantsi, ka kai gaba a ce wannan maganin babu, sai a cikin gari. Buhunan gyaɗar da muka ajiye suka tafi, tunkiyata ta bi su, daga baya keken ɗinkina. Amma ban manta da ma'aikaciyar da ta yi ta yi wa Ishaya wasa har ta sami jijiya a ƙafarsa ba, ko matar Dauda da ba ta taɓa fashin kawo mana abinci ba ko ana ruwa.

Wata rana da la'asar na tare Dauda a gindin darbejiyar da masu jinya ke shanya. Na ce ya gaya mini daga ina wannan abu ya shigo gidanmu, tunda shi ne mai ilimin. Ya so ya zille, na ƙi. Sai ya ce tun zamanin da ba wanda ya san ƙidayarsa sauro yake kashe yara a ƙasar nan. Can sai aka haifi wani da jininsa ya ɗan sauya, haka kawai, ba don ya yi wani abu ba. 'Ya'yan da suka gaji rabin wannan sauyin, palu ba ya cika kashe su. Na wasu suka yi ta mutuwa, nasa suka rayu suka hayayyafa, har abin ya bazu ya iso kanmu. Ya ce da irin wannan ne halittu suke sauyawa sannu a hankali, shi ne juyin halittar da yake koyarwa ake zaginsa. Amma in rabi ya haɗu da rabi, sai a sami Ishaya.

Na ce, "Wato Yaya, ni da kai da Bulus muna yawo da ƙafafunmu, Ishaya ne yake biya mana?"

Ya ce, "Kusan haka ne, Rahila."

Na so in mare shi, yayana ne ko ba yayana ba. Da ma ƙarya ya yi mini.

Daga ranar wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ban iya gaya wa kowa ba. Da can in na durƙusa, na san inda nake. Ciwo maƙiyi ne da ya shigo daga waje, Allah kuma yana gefena, sai in ce ya kore shi. Yanzu an ce mini abin a cikin ginin yake, abin da ya tsare ni shi ne yake cin ɗana. In maginin da kansa ya bar tsaguwar a bango, wa zan kai wa ƙara? Sai in buɗe baki in yi addu'a, in ji ina tsoron wanda nake roƙo.

Ana haka Fasto Iliya ya zo duba mu. Ɗan'uwan mahaifiyarmu ne, shi ya yi mini baftisma, Baba muke ce masa. Mutumin kirki ne, irin wanda zai taka da ƙafa zuwa ƙauye don ya gai da mara lafiya, amma in ya riƙe magana ba ya saki. Ya yi addu'a, sannan ya ce Allah ya halicci komai da kyau, zunubin mutum ne ya kawo ciwo da mutuwa cikin duniya. Ya sassauta murya ya ce mu binciki zukatanmu, ni da Bulus, ko akwai abin da ba mu tuba a kansa ba. Dauda yana tsaye a bakin gado, ya kasa haƙuri. Ya ce sauro da mutuwa sun riga mutum zuwa duniya, ga ƙasusuwan manyan dabbobi can ana tonowa a hamada, sun mutu tun babu wanda zai yi zunubi. Baba ya ce to ke nan Allah ne ya ƙirƙiro mugunta? Dauda ya ce bai sani ba, wataƙila ba yadda za a yi duniya mai rai, mai haihuwa da sauyawa da kanta, ba tare da irin wannan ya biyo ba. Baba ya ce Allahn da wani abu ya gagara ba Allah ba ne. Murya ta fara tashi, masu jinyar gadon kusa suna kallonmu. Na ce su fita dukkansu su je can su ƙarasa, yarona yana barci. Ɗaya ya ɗora mini laifi, ɗaya ya ɗauke mini wurin kai kuka, kuma ba wanda ya rage wa Ishaya zafin ƙafa.

A mako na uku har an fara maganar sallama. Yana zama, yana cin tuwo kaɗan, yana tsokanar yaron gadon kusa. Ranar Asabar da hantsi sai ya dafe ƙirji ya ce yana sukarsa. Kafin azahar numfashinsa ya koma sama-sama, haƙarƙarinsa yana lotsawa, leɓensa ya dushe. Aka sa masa robar iska a hanci. Likita ta ce ciwon ya hau ƙirji, jinin ya sake faɗuwa, sai an ƙara masa. Irin nasa babu a firiji, ta buga waya Damagaram ba ta sami tabbas ba, kuma ko an ce a kai shi ba zai jure hanyar ba. Ta ce mu kawo mutane, da yawa, kuma ta fi son a sami wanda ba shi da S ɗin nan ko kaɗan. Na Bulus bai dace ba, nawa ma haka, na Dauda ma haka.

Bulus ya buga waya gida. Ranar Lahadi ba a yi sujada a majami'armu ba. Suka yi shatar mota, maza da mata, wasu da kayan zumunta a jikinsu, Baba Fasto a gaba. Da na gan su suna shigowa ƙofar asibitin sai na fashe da kuka. Na ce a raina duk wannan taron ai ba za a rasa ba.

Suka yi layi a labo, suna shiga ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa da auduga a yatsa. Da farko ana raha, ana tsokanar masu tsoron allura. Sai rahar ta fara mutuwa. Wannan ya fito ya ce nasa bai dace ba, kuma an ce shi AS ne. Na bayansa ma haka. Gwaggo Talatu ta tsufa da ba da jini, amma ta dage sai an auna ta, ita ma aka ce AS. Ba kowa ba ne, amma da yawa, har mutane suka daina haɗa ido. Mata da miji suna tsaye kusa da juna, kowa yana tuna yaran da aka binne ana cewa sanyi ne. Cikin duk taron mutum biyu kaɗai jininsu ya dace da na Ishaya. Ɗaya ƙanwar Bulus ce, ga ta da tsohon ciki, ba a ɗiban nata. Ɗayan Baba Fasto ne, shi ma AS.

Baba ya zauna a kan dakalin labo kamar an zare masa ƙashi. Duk mun san ya binne 'ya'ya biyu, Markus da Lidiya, tun ina yarinya, dukansu da kumburin hannu da ciwon ƙafa. Abin da ba mu sani ba sai ranar ya faɗa, cewa tun lokacin yake binciken kansa yana neman laifin da ya yi wa Allah. Ya ɗago ya dubi Dauda ya ce, "Nawa ma shi ne?"

Dauda ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ina tsammanin shi ne, Baba."

Likita ta fito ta ce ba irin wanda ta so ba ne, amma zai yi aiki, kuma shi muke da shi. Ta ce rashin jini ne zai kashe yaron kafin gobe, ba wannan ba. Baba ya girgiza kai.

Ya ce, "Jinin da ya kai 'ya'yana biyu ƙasa, shi zan zuba wa ɗan Rahila?"

Dauda ya ce masa jinin nan ne kuma ya raya shi duk damunan da ya gani. Likita ta dube ni, Bulus ya dube ni, jama'a duka suka dube ni. Ni ma abin da Baba ya faɗa shi ne a raina, duk bayanin likita bai shiga ba. In na ce a sa masa ya mutu, da bakina ke nan. In na yi shiru, ina jin numfashinsa daga tagar ɗakin, kamar ana jan zarto. Ban san lokacin da na zube a gaban tsohon ba. Na ce, "Baba, ka ba shi."

Ya tashi ya shiga.

Da aka rataye ledar na kafa mata ido, tana ɗiga a hankali, kowane ɗigo gabana yana faɗuwa. Can yaron ya fara rawar ɗari, na yi tsalle na kira ma'aikaciya, ta duba shi, ta rage gudun, ta ce in zauna. Na kasa addu'a, ko kalma ɗaya. Baba ne ya shigo da filasta a hannu, ya zauna a ƙasa kusa da gadon, shi da ba ya addu'a sai a tsaye. Ban taɓa jin ya yi gajeriyar addu'a irin wannan ba. Ya ce, "Ya Uba, kai ma ka ga Ɗanka yana neman numfashi a kan gicciye. Ka san wannan. Ban san dalilinka ba, na daina cewa na sani. Kada dai ka bar mu mu kaɗai." Daga bayana na ji Dauda ya ce amin.

Wajen la'asar sakaliya leɓen Ishaya ya fara komawa ja. Numfashin bai daidaita a ranar ba, sai da ya ɗauki kwanaki yana sauka kaɗan-kaɗan, ni kuma ba na yarda da kowane sauƙi, don an riga an yaudare ni sau ɗaya. A ƙarshen mako na huɗu aka cire robar iskar, aka sallame mu. Likita ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ba warkewa ya yi ba, zai sake dawowa. Ya riƙa kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa da yawa, ya sha ƙwayarsa kullum, a kiyaye shi da sanyi, kuma zazzaɓi ko na yini ɗaya kada in tsaya wurin mai tebur.

To ga abin da nake roƙonku. In yaro yana kumburin hannu da ƙafa, kada ku ce sanyin gidanku ne, ku kai a auna. Kafin a ɗaura aure kuma a auna saurayi da budurwa. A wurinmu yanzu Baba ya ce ba zai ƙara haɗa kowa ba sai an yi awo, wasu gidajen suna fushi da shi, suna cewa to wa zai auri wa. Gaskiyarsu, tambaya ce mai wuya, sai dai mu fara duban majami'un da ke nesa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai ina zuwa sujada, ina waƙa tare da mata. Na gode wa Allah da ya bar mini ɗana, kuma ina jin haushinsa, duka biyun a zuciya ɗaya. Abin da Dauda ya gaya mini ban iya ƙaryata shi ba, addu'ar Baba kuma ita ce kaɗai nake iya maimaitawa. Da na ji yaron ya yi tari sai in zabura in taɓa jikinsa.

Bayan mun dawo da kamar wata guda, ina ba shi ƙwayarsa da safe, sai ya riƙe kofin bai sha ba. Ashe duk maganganun manya yana ji.

Ya ce, "Mama, Allah ne ya yi mini wannan jinin?"

Na rasa ta inda zan kauce. Na ce shi ne.

"Ya san yana da zafi?"

Na ce ya sani.

"To don me?"

Na ce ban sani ba, ni ma na tambaye shi, bai amsa mini ba tukuna. Ya juya kofin a hannunsa, sannan ya ce in ya amsa in gaya masa. Na yi tsammanin zai manta, irin na yara. Bai manta ba. Kusan kowace safiya, in na miƙa masa ƙwayar, sai ya tambaye ni ko an amsa. Yau ma ya tambaya, na ce tukuna. Ya haɗiye maganinsa, ya goge baki, ya ce, "To ki bari in na je can ni zan tambaye shi da kaina."

Na ce masa ba sauri muke yi ba.